Hanyar Tsakuwa a Tudun Shanu Dubu

A ƙarshen watan Satumba ne wani ɗalibi ɗan Damagaram, mai karatun kimiyyar harshe a jami'ar Limoges ta ƙasar Faransa, ya ari keke wurin abokin karatunsa, ya shiga jirgin ƙasa da shi, ya sauka a garin Eymoutiers. Niyyarsa ita ce ya ratsa tudun Millevaches cikin kwana biyu, ya ɓullo Meymac, inda zai sake kama jirgi. Ba gasa ya fito ba, ba kuma bincike aka aike shi ba. Wata uku ya yi yana fama da babi guda na kundinsa a kan aron kalmomi, babin ya ƙi gaba ya ƙi baya, har abokin ya ce masa ya je ya sha iska.

Keken irin wanda Faransawa ke kira *gravel* ne. Ƙahonsa a lanƙwashe yake kamar na keken tsere, amma tayoyinsa sun fi kauri, faɗinsu ya kai milimita 40, da ƙananan haƙora masu kama ƙasa. An ƙera shi domin hanyar da ba ta da kwalta: turbar masu saran katako, da ta manoma, da tsofaffin hanyoyin da suka haɗa ƙauye da ƙauye. Sunan ma abin nazari ne. Daga Ingilishi Faransawa suka aro shi a ƴan shekarun nan, alhali Ingilishi shi ma daga tsohon Faransanci ya ari *gravele*, wato tsakuwa, tun ƙarnoni da suka shuɗe. Kalma ce ta tafi cirani, ta dawo gidan ubanta ana yi mata kallon baƙuwa.

Daga Eymoutiers hanya ta fara hawa. Kafin azahar ya isa tafkin Vassivière, wanda madatsar ruwa ta haifar wajajen 1950 domin samar da lantarki. Daga nan ya bar kwalta ya shiga daji. Dogayen itatuwa masu ganye kamar allura sun jeru sahu-sahu a dama da hagu, sun tare rana, ba ka jin komi sai ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya da numfashinka. Jeruwar tasu ita ke tona asirinsu: shuka su aka yi. Shekaru ɗari da ƴan kai da suka wuce, yawancin tudun fili ne na kiwon tumaki. Mazan yankin, musamman na Creuse, sun daɗe suna tafiya Paris aikin gini, a hankali ƙauyuka suka riƙa watsewa. Wani ma'aikacin gandun daji, Marius Vazeilles, ya yi ta kiran a dasa itatuwa, kuma bayan kafa asusun gandun daji na ƙasa a 1946 dashen ya bunƙasa. Dajin da baƙo ke sha'awa a yau ya tsiro ne a gurbin mutanen da suka tashi.

Duk inda hanya ta rabu akwai allo, shi kuwa ɗalibin harshe ba ya iya wuce allo bai karanta ba. Ya lura sunaye da yawa na ƙarewa da *-ac*: Tarnac, Sornac, Chavanac, Meymac. Wannan ɗafa-ƙeya ragowar *-acum* ne na zamanin da Rumawa ke mulkin ƙasar Gol, kuma galibi yana nuna gandun wani mutum. Sunayen tuddai kuma da *puy* suke farawa, daga *podium* na Latinanci. Garin da zai kwana, Peyrelevade, ba shi da ma'ana a kunnen mai jin Faransancin Paris kaɗai, amma a harshen Oksitan *peira levada* na nufin dutsen da aka tsayar. Shi kansa Millevaches, duk wanda ya ji zai ce “shanu dubu”, har ɗalibin ya fara ƙidayar jajayen shanun da yake gani don wasa, bai kai ko ɗari ba. Masana sun rabu a kan asalin sunan: wasu na cewa maɓuɓɓuga dubu ake nufi, tunda kogunan Vienne da Vézère da Creuse a nan suke tasowa; wasu na ganin wata kalmar Golawa ce mai nufin tudu ta haɗu da ta Latinanci mai nufin fayau. Abin da ya faru sananne ne ga duk wanda ya karanci asalin kalmomi: in mutane sun manta ma'anar suna, sai su ƙaga masa wata daga harshen da suke ji.

Da la'asar sakaliya, gab da Peyrelevade, ruwan gorarsa ya ƙare. Ya tsaya a wani ƙaramin ƙauye mai gidajen dutse, mafi yawansu a rufe, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ya ga hayaƙi na tashi daga rufinta. Wata tsohuwa ta buɗe, shekarunta sun haura tamanin. Ta dube shi, ta dubi keken da ya yi buɗu-buɗu da ƙura, ta ce: “*Chabatz d'entrar.*” Nan take ta sake faɗa da Faransanci, kamar mai neman gafara.

Ya ce, “Madam, don Allah maimaita ta farkon.”

Ta yi dariya, ta ce, “Ɗana, ba komi ba ne, maganar ƙauye ce. Cewa na yi ka ƙarasa shigowa.”

Jikinsa ya yi sanyi, don kuwa haka mahaifiyarsa ke ce wa baƙon da ya tsaya a zaure: ƙaraso mana. Ya gaya wa tsohuwar, ta sa shi ya maimaita kalmar har sau uku tana gwadawa, ƙ ɗin na ƙin fita. Ya ce mata abin da take kira maganar ƙauye karin Limuzan ne na harshen Oksitan, harshen da Bernart de Ventadorn, ɗan wannan yanki, ya yi waƙa da shi a ƙarni na 12, Turai ta saurara. Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce a makarantar mahaifinta, yaron da aka kama yana maganar gida sai a rataya masa takalmin itace a wuya, ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani yaro da laifi iri ɗaya, wanda kuma yamma ta yi da shi a wuyansa shi za a hukunta. Ita ta koyi harshen ne a bakin kakarta, amma ba ta taɓa yi wa ƴaƴanta shi ba. Ta ce, “Mun so su ci gaba.”

Ɗalibin bai bukaci a yi masa bayani ba. Kawunsa ya sha ba shi labarin *sambol* a lakkwal ta zamanin da, yadda ake rataya wa yaro shi don ya yi Hausa a farfajiya. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne, dabarar da aka yi a Nijar an yi ta a cikin Faransa kanta, a kan ƴaƴan manomanta. Tun 1794 Abbé Grégoire ya miƙa wa majalisa rahoto yana neman a kawar da harsunan yankuna. Dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 suka mai da makarantar firamare kyauta kuma tilas, da Faransanci ake koyarwa. Sai a 1951 dokar Deixonne ta ba da damar koyar da wasu harsunan, har da Oksitan, a 2008 kuma aka rubuta a kundin tsarin mulki cewa harsunan yankuna na cikin gadon Faransa. Amma doka ba ta mai da harshe bakin uwa. Kunya ta riga ta gama aikinta a cikin gidaje.

Washegari ya yi sammako cikin hazo. Ya bi ta ƙauyen Millevaches, ya kewaya fadamar Longeyroux inda kogin Vézère ke fara rarrafe, ruwan da ya yi alwala da shi kamar ƙanƙara. Hawan dutsen Bessou, mafi tsawo a Limuzan, wanda ya kusa mita dubu, ya fi ƙarfin ƙafafunsa, ya sauka ya tura. Yana turawa yana tuna ƴar yayarsa a Yamai, mai shekara shida, wadda in ya kira waya da Faransanci take gaishe shi, shi ma da Faransanci yake amsa mata, yana jin daɗin iyawarta. Ya san Hausa ba Oksitan ba ce, miliyoyin mutane ke kwana su tashi da ita. Amma tsohuwar ma ba duk ƙasar ta hana wa harshe ba, ƴaƴanta uku kawai ta hana wa.

Gangarar Meymac doguwa ce, tsakuwa na tsalle a bayansa, hannuwansa sun ƙage a kan birki. Ya isa tasha da sauran kusan awa guda kafin jirgi. Ya jingine keken, ya zauna a benci, ya kira gidan yayarsa. Yarinyar ce ta ɗauka, ta ce, “*Bonjour, tonton.*”

Ya ce, “Ƴar kawu, kin wuni lafiya? Ina mamarki?”

Ta yi shiru na ɗan lokaci, ya ji tana tambayar uwarta wani abu ƙasa-ƙasa. Sannan ta dawo ta ce, “Lafiya lau, Kawu. Tana dafa tuwo.”