Sarkin Kadoji na Gadufawa

Daga Tasawa zuwa Yamai yini guda ne cur a cikin kar: Maradi, Birnin Ƙonni, Dogonduci, Doso. Mutanenmu kan yi wannan tafiya don asibiti ko neman takardu. Ni ƙashin kada ya kai ni, a gidan tarihi na Boubou Hama.

Masana suna kiransa Sarcosuchus imperator. Ƙoƙon kan irinsa kaɗai yakan kai mita 1.6, da haƙora 132, ga wani kumburi a ƙarshen hanci da har yau ana gardamar amfaninsa. Wani dattijo da ke tsaye kusa da ni ya yi ta salati, ya ce, "Ɗana, wannan ai raƙumi ma loma ɗaya ce." Na ce, "Baba, lokacinsa ko raƙumin ba a yi ba."

A Gadufawa aka tono shi, cikin Tenere, jihar Agadas. Masu neman ma'adinai na Faransa suka tsinci kan irinsa a 1964. France de Broin da Philippe Taquet suka raɗa masa suna a 1966. Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya zo a 1997 da 2000, ya ƙiyasta tsawonsa mita 11 zuwa 12. Awon da aka sake daga baya ya rage shi zuwa wajen 9, wanda bai sa ya zama abin wasa ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ruwan. Mu da muka san Gulbin Kaba na Mayahi, kwarin da sai an haƙa ake samun ruwa, a ce yashin da ya fi namu ƙishi ya taɓa ɗaukar kogunan da za su ciyar da wannan dabba, shekara miliyan 110 da suka wuce!

Yana da kishiya a Brazil, Purussaurus, wanda aka raɗa wa suna a 1892, wasu kuma suka ƙiyasta tsawonsa mita 10 ko fiye. Shi cikakken ɗan gidan kadojin yau ne, dangin kaiman, ya rayu shekara miliyan 8 kacal da suka wuce. Namu ɗan'uwa ne na nesa, reshensa ya ƙare ba magaji. Amma a Brazil ɗin ma an sami wani Sarcosuchus, hartti, domin a zamaninsu teku bai gama raba Afirka da Kudancin Amurka ba.