Harsashin da Ya Soki Idon Wata

A unguwar Bercy, kusa da kogin Seine a birnin Faris, akwai gidan adana finafinan Faransa, Cinémathèque. A 2021 aka buɗe wa Georges Méliès sashe na musamman a ciki. Fim ɗinsa ɗaya ya kai ni can daga garinmu Dayi: Le Voyage dans la Lune, wato tafiya zuwa duniyar wata, na 1902.

Kusan rubu'in awa ne tsawonsa, kuma babu magana a cikinsa. Wasu dattawan masana taurari ne suka shiga wani ƙaton harsashi, aka ɗura shi a igwa aka harba. Sai ga wata da fuskar mutum, harsashin ya cake masa ido! Da suka sauka, halittun wurin suka taso musu, su kuma suka riƙa bugunsu da lema, kowanne ya tarwatse ya zama hayaƙi. Yara da manya muna ta dariya a ɗakin, kamar daren da majigi ya sauka a Dayi bayan an gama kakar auduga. Méliès ya ɗauki wannan fim shekara 67 kafin Apollo 11 ya kai mutum wata a 1969.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne irin riƙon da aka yi wa aikin. Méliès ya yi finafinai sama da 500, ya karye, har ya koma sayar da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse, ya rasu a 1938. A 1993 aka tsinci kwafin wannan fim na wata mai launi a Sifen, wanda aka shafa wa fenti da hannu, ya manne ya ruɓe. Masana suka bi shi hoto-hoto, fiye da 13,000, suka ceto shi, aka haska a Cannes a 2011. Wannan haƙuri ya cancanci jinjina.

Mu ma muna da namu. Fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, marigayi Rabilu Musa Ibro kuma ya bar kaset masu ɗimbin yawa, zafi da ƙura na cinye su a shaguna. Jama'ar Kannywood da jami'o'inmu, a tattara su a mayar da su kwamfuta tun suna kunnuwa.