Daga Adjamé zuwa Treichville: Kifin Teku a Cikin Gilashi

Duk Bahaushen da ya shigo Abijan ta mota, Adjamé ce ke fara yi masa maraba. Tashoshi ne birjik, motocin gbaka na shiga suna fita, 'yan kamasho na ta kiran Abobo da Yopougon, hayaƙi kuwa ya turnuƙe ko'ina. Mutanenmu na Maraɗi da Tawa suna nan da yawa, wasu a kasuwa, wasu a rumfunan garba, wato acheke da soyayyen kifin tuna. Da wannan sana'a ɗan ƙanwata ya fara, amma yanzu shi ke kula da akwatin gilashin kifin teku a wani gidan abinci a Treichville. Na ce masa sai na gani da idona.

Muka hau bas ɗin SOTRA, muka ratsa Plateau, muka hau gadar Houphouët-Boigny da aka kammala a 1957. Ƙarƙashinmu tafkin Ébrié ne shimfiɗe. Tun da aka haƙa mashigin Vridi a 1950 ya haɗu da teku, gishirin wannan ɓangare ke hauhawa da rani, ya sauka idan ruwan sama da ambaliyar kogin Comoé suka zo. Karfasar tafkin ta saba da haka. Na tambayi yaron ko nan yake ɗebo ruwa.

"Haba Kawu, ai da tuni kifayen sun mutu. Ruwa nake tacewa, in zuba gishirin teku na musamman, giram 35 a kowace lita."

Akwatin yana tsakiyar ɗakin, da ƙananan kifaye masu launin lemo da shuɗi, da 'yan rassan murjani mai rai. Ban daɗe ina kallonsu ba, don hankalina ya koma kan wata 'yar kwalba da ya ciro. Ya ɗebi ruwa, ya ɗiga magani, ya gwada launin da na jikin takarda. Awon pH ke nan, wanda ke nuna yawan tsamin ruwa: in lambar ta yi ƙasa, tsami ya ƙaru. Ruwan teku yana wajen 8.1, masu kiwon murjani kuma ba sa son nasu ya gangara ƙasa da 7.8, domin daga nan murjanin ke fara wahalar gina ƙashinsa.

A nan ne na ga yaron ya san aikinsa. Ya ce da farko kowace safiya awon ƙasa yake. Mai gidan ya zargi gishiri, aka sauya; ya zargi ruwa, aka sauya. Ashe iskar ɗakin ce. Ƙofofi a rufe, na'urar sanyaya ɗaki na juya iska ɗaya, mutane cike har dare, ga murhun gas a baya. Iskar kabon da ake fitarwa wajen numfashi tana taruwa. A waje ba ta wuce kashi 420 da ɗoriya cikin miliyan ba, amma a rufaffen ɗaki mai jama'a takan haura 1,000. Injin da ke hura kumfa cikin ruwan wannan iskar yake zuƙa, ita kuwa da ta narke sai ta zama tsami. Da dare abin ya fi muni, don gansakuka da murjani ba sa shan kabon sai da haske, kifi kuwa bai daina numfashi ba.

Yadda ya gane abin ya burge ni ƙwarai. Ya ɗebi kofi ɗaya ya fita da shi waje, ya hura masa iska na kamar sa'a guda, ya sake awo, sai ga lamba ta hau. Daga nan ya huda bango ya zura siririn tiyo, injin ya koma shaƙar iskar waje. Da dare kuma yana ɗiga ruwan farar ƙasa kaɗan-kaɗan, yadda uwar gida ke jefa kanwa a miyar yakuwa ta kashe tsami.

"Amma Kawu, in ka tuttula shi gaba ɗaya, awon zai yi tsalle, kifin ya galabaita. Sai da haƙuri."

Da la'asar muka taka zuwa titin masunta, inda Cibiyar Binciken Teku ta Kwaddibuwa take, wadda ake kira CRO. Abin da ke faruwa a gilashin nan yana faruwa a tekun da suke nazari: tun daga zamanin masana'antu awonsa ya sauka daga kusan 8.2 zuwa 8.1, wanda ke nufin ƙarin tsami na kusan kashi 30 cikin ɗari. Abin ya dame ni, domin halittu masu ƙwanso ne ke fara jin jiki, kuma mutanen gaɓar nan da teku suke ci.

A hanyar tasha ya gaya mini abin da yake tara kuɗi dominsa: ƙaramin tanki na biyu a ƙarƙashin babban, a cika shi da gansakuka, a kunna masa fitila da dare kawai, ta riƙa shanye kabon lokacin da na sama ke cikin duhu. Mai gidan ya amince zai biya kuɗin fitilar.