Tukunyar Shishar Farisa: Hannu Biyar, Ciniki Ɗaya

Tukunyar shisha ta Farisa, wadda mutanen Iran ke kira ƙalyan, ba aikin mutum ɗaya ba ce. Duk wanda ya shiga cinikinta bai san haka ba, ya riga ya ba mai shago rabin kuɗinsa kyauta. Kan da ake zuba taba a ciki, maginin tukwane ne ya gina shi, ko masassaƙin dutse, ko maƙeri. Dogon sandan nan na tsakiya, mai juya katako a kan inji ne ya fitar da shi. Tulun ruwan da ke ƙasa aikin mai hura gilashi ne ko mai gasa tangaran. Bututun zuƙa shi ma da mai yinsa. In akwai zane ko wani ado, wannan hannu na biyar ke nan. Mai shago harhaɗawa kawai yake yi. Kamar babbar riga ce a wurinmu: masaƙi daban, marini daban, maɗinki daban, mai aikin wuya daban, mabugi daban, amma in aka zo kasuwa sai a miƙo maka riga ɗaya, a faɗi kuɗi ɗaya. Wanda ya san riga ba ya barin kyan aska takwas ya hana shi duba saƙin.

Ni ba mashayi ba ne, kuma ba na sha'awar ganin jikokina a bakin wannan abu. Tun a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zama ɗaya na shisha mutum na iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na karan sigari 100 ko fiye, ruwan da ke cikin tulun kuma ba ya tace gubar. Sana'ata dai fataucin kayan adon ɗaki ce, ita ta kai ni kasuwannin Dubai da na Iran tun ina da sauran ƙarfin gwiwa. Masu sayen ƙalyan a hannuna galibinsu a kusurwar falo suke ajiye ta, kusa da faranti da butar shayi. To amma ko don ado ka saya, kuɗinka ne, bai kamata a sayar maka da aikin inji da sunan aikin hannu ba.

Isfahan ita ce uwar wannan sana'a ta ado. Sarki Shah Abbas ya mai da ita babban birninsa a 1598, ya gina filin nan na Naƙshe Jahan, kasuwar Ƙaisariyya tana buɗe baki daga arewacinsa. Kafin idonka ya ga masu zanen ƙarfe, kunnenka ya ji su: ƙwas-ƙwas-ƙwas, ba tsayawa. Ka samu wuri ka tsuguna kusa da ɗaya daga cikinsu kafin ka tayi komai. Za ka ga ya cika cikin wani kwano da narkakkiyar kwalta ya bar ta ta daskare, don kada ƙarfen ya lotsa ko ya huje in ana bugu. Ya zana fure da tsuntsu a jiki, sannan ya ɗauki ɗan alƙalamin ƙarfe a hagu, ƙaramar guduma a dama. Ba ya ɗaga gudumar sama da tsawon yatsa. Alƙalamin yana tafiya a hankali, kowane bugu ɗigo ɗaya, in layi ya zo lanƙwasa sai ya juya kwanon a cinyarsa maimakon ya juya hannu. In ya gama ya narkar da kwaltar ya zubar, ya shafa baƙi a cikin zanen don ya fito.

Wanda ya kalli wannan sau ɗaya ba a ƙara yi masa wayo da aikin zubi. Ka sa yatsa ta ciki. Bugun hannu yana barin sawunsa a bayan ƙarfe, ka ji tudu da kwari suna bin zanen da ke waje, wani lokaci har ka tarar da ɗan ragowar kwalta maƙale a lungu. Aikin zubi kuwa cikinsa sumul yake, ga nauyi, bakin zanen a dakushe, kuma in ka duba da kyau za ka ga layin da gida biyu na zubin suka haɗu. Sai ka ɗauki furanni biyu da ke maƙwabtaka ka gwada su. In sun yi daidai har ba ka iya rabewa, ba ɗan Adam ya yi su ba. Ɗan maganaɗisu a aljihu shi ma yana da rana: ba ya kama jan ƙarfe, ba ya kama tagulla, ba ya kama azurfa. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka. In an ce maka azurfa ce, nemi hatimi, don maƙeran Iran sukan buga 84 ko 90 da lambobinsu. Amma kada ka tsaya a kan hatimi kawai, abin da hannu ya buga wani hannun ma yana iya bugawa.

Abin da ya fi ɗaukar idon baƙo shi ne mina, shuɗin adon nan mai sheƙi. Jan ƙarfe ne ake lulluɓewa da farin garin gilashi a gasa a wuta mai tsananin zafi, a sake shafawa a sake gasawa har ya yi fari fes, sannan a zana da siririn burushi a mayar wuta. Kowa gaba yake kallo, don nan aka zuba basira. Kai juya ka dubi gindi da ciki da leɓe. Mai aikin kirki yana gama bayan kaya kamar yadda ya gama gabansa. Mai gaggawa kuwa a nan yake barin ƙananan ƙuraje, da tsaga kamar silin gashi, da wuraren da jan ƙarfe ke leƙowa. Mina in ta fara ɓamɓarewa daga leɓe ba ta tsayawa, kuma ba mai gyara maka ita a Kano. Ka shafa da tafin hannu: wadda ta sha wuta santsi gare ta da sanyi irin na gilashi, ƙusa ba ta kama ta. Wadda aka yi wa fenti aka bi da man sheƙi, farce ma yana iya yi mata tabo.

Haka abin yake ga khatam, adon Shiraz da Isfahan da ake liƙa wa katako. Siraran tsinkayen itace da na tagulla da na ƙashin raƙumi ake jerawa a manne su dami guda, a yanka falle-falle, sai taurari su bayyana. Na gaskiya in ka karkata shi ga haske, ɗigon tagullar ne kaɗai ke walƙiya, ƙashin da itacen suna nan shiru. Na jabu hoton takarda ne a ƙarƙashin man sheƙi, duk fuskar lokaci guda take ƙyalli. Masu liƙa ɓarɓashin dutsen fairuza a jikin jan ƙarfe kuma kowannensu zai rantse maka daga Nishabur dutsensa ya fito, don can ne ma'adinin da ya yi suna. Dutsen gaske launinsa ba ya zama bai ɗaya, wani ya fi wani kore, wani da jijiya baƙa. Ka kuma duba yawan baƙin danƙon da ke tsakanin duwatsun; in danƙo ya fi dutse yawa, danƙo ka saya.

Yanzu ga inda aka fi yanka baƙi. Za ka ga tulun gilashi ko na tangaran da hoton wani sarki mai dogon gashin baki da doguwar hula. Nasiruddin Shah ke nan, wanda ya mulki Iran daga 1848 zuwa 1896. Da mai shago ya ga idonka ya tsaya a kai, sai ya sassauta murya ya ce tun zamanin sarkin ne. Gaskiya ne an yi irinsu a wancan zamani, har masu gilashin Bohemiya a Turai sun riƙa yi musamman don kasuwar Farisa. Amma har gobe ana buga wannan hoton a jikin sababbin tuluna da butocin shayi, ya zama ado kawai. Abin dariyar ma, wannan sarkin shi ne a 1890 ya damƙa wa wani Bature ɗan Ingila, Talbot, cinikin tabar ƙasar kacokan na shekara 50. A ƙarshen 1891 fatawa ta fito da sunan babban malaminsu Mirza Hasan Shirazi tana haramta shan taba, jama'a suka ajiye ƙalyan, har matan gidan sarki suka ƙi taɓa ta. A farkon 1892 dole ya soke yarjejeniyar, ƙasar ta ɗauki diyyar fam 500,000 a ka. Mutumin da aka ƙaurace wa tukunya saboda shi, yau fuskarsa ce ke sayar da ita.

Tsohon tulu gindinsa yana nuna shekarunsa: zoben da yake zama a kai ya goge, zinariyar zanen ta kwanta a inda hannu ke kamawa, ba ko'ina ba. Gilashin da aka hura da baki yana da 'yan ƙwayoyin iska a jiki, kaurinsa bai daidaita ba, a gindi kuma akwai tabon inda aka ɓalle shi daga sandan mai hurawa. In kuma da gaske tsoho ne, ka shiga wata rigimar, domin dokar Iran ta hana fita da kayan tarihi ba da izini ba, ma'aikatan kwastan kuwa ba ruwansu da labarin da mai shago ya ba ka. Sabon aiki mai kyau da rasit a hannu ya fi maka kwanciyar rai.

Sandan katako ba ya buƙatar dogon bincike. Ɗaga shi ga haske ka leƙa ramin, ka ga ko ya miƙe. Bi jikinsa da farce ka nemi tsagar da aka toshe aka bi da fenti. Ɗanyen itace da aka yi gaggawar juyawa zai yi kyau a shago, amma hunturu ɗaya a ƙasarmu ya ishe shi ya buɗe baki. Daga nan ka ce a haɗa maka tukunyar gaba ɗaya a zuba ruwa. Cire kan, ka toshe saman da tafin hannu, a zuƙa ta bututun. In komai ya zauna daram, iska ba za ta zo ba, za ka ji tana jan fatar hannunka. In iska ta zo, akwai ɓaraka a wata mahaɗa. Ta gargajiya da ɗan tsumma ake naɗe mahaɗarta, wannan ba aibi ba ne. Aibin shi ne ka ga an cusa tsumma mai kauri don wuyan tulu da gindin sanda tun asali ba don juna aka yi su ba. Ka ɗan taɓa ta daga sama kuma, ka ga ko tana rawa. Mai shagon da ya ƙi yarda a yi wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Game da ciniki, mutanen Iran suna da wani ladabi da suke kira ta'aruf. Ka tambayi kuɗi, mai kaya ya dafa ƙirji ya ce ai bai kai a karɓi kuɗinka ba, ɗauka kawai. Kada ka ɗauka. Gaisuwa ce, ka yi godiya ka sake tambaya, farashi na nan tafe. Ka kuma tabbatar da toman ake nufi ko riyal, don a baki da toman suke lissafi, toman ɗaya riyal 10 ne, kuma sukan yar da sifilai in suna magana. Ka ce ya rubuta maka a takarda. Katin bankinka na waje ba ya aiki a can saboda takunkumi, sai tsabar kuɗi. Duk wanda ya tare ka a bakin fili ya ce zai kai ka wurin ɗan'uwansa, la'adarsa tana cikin kuɗin da za ka biya. Ba haram ba ne a ci la'ada, ni ma na ci, amma ka san da ita. Shayin da za a ba ka kuwa ka sha, ba bashi ba ne. A wajen Iran, a Dubai ko Istanbul, ka ƙara kaffa-kaffa, domin a can na sha ganin tukunya mai tulun inji da sandan inji, an ɗora mata kai guda na Isfahan, ana kiranta ta Farisa da farashin ta Farisa.

Ɗana, in guzurinka bai kai ka sayi wadda duk gaɓoɓinta biyar suka ci jarrabawa ba, kada ka karɓi haɗe-haɗe don kawai ka dawo da cikakkiyar tukunya. Shiga layin masu aikin, ka sayi tulun shi kaɗai ko kan shi kaɗai daga hannun wanda ka ga yana yi, ka naɗe shi cikin tufafinka, ka riƙe shi a jakar hannu har ka sauka.