Wasiƙa Zuwa Ga Auta, Kan Maganar Kyanwarki

Ƙanwata Auta,

Ina fatan kina lafiya, da Malam da yara da su Inna. Yaya damina? An ce ruwa ya zauna a wajenku, gero har ya kai gwiwa. Allah ya sa mu ga kaka lafiya.

Saƙonki ya iso ni. An ce kyanwar nan ta cinye wa Malam 'yan shila uku, ta kuma shigo da kurciya a baki har tsakar gida, shi kuwa ya ce ranar kasuwar Dambatta zai ƙunshe ta a buhu ya yar da ita a hanya. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Ki karanta masa wannan takarda in ya huce, ki ce Yaya ce ke roƙon arziki.

Yar da ita ba zai tsirar da tsuntsu ko ɗaya ba. Kyanwar da aka yar ba ta da mai ba ta ko loma, sai ta koma farauta dare da rana, ta haihu a gona, 'ya'yanta su tashi ba su san mutum ba. Kin kuwa san ƙasarmu. Daga Dambatta zuwa Makoɗa har Kunchi gona ce manne da gona, ba sauran dajin da tsuntsu zai fake. Abin da ya rage masa shi ne gawo da ɗorawa da tsamiyar da aka bari a gonaki, sai darbejiyar ƙofar gida, da danga, da jinkar ɗaki. A cikinmu yake sheƙa, kuma yawanci yanzu da damina, lokacin da 'ya'yan ke faɗowa ƙasa fukafukinsu bai yi ƙwari ba.

Kin tuna asisin nan biyu da suke sauka gindin turmi a gidan Baba in Inna tana bakace? Har kusa da ƙafarta suke zuwa tsintar tsaki. Ina tsaye ran nan na ga magen gidan ta lafe a bayan tulu, cikinta a ƙasa, ba abin da ke motsi sai bakin wutsiyarta. Kafin in ce "kul" ta yi tsalle. Gashi shuɗi kawai muka share. Ɗayan ya yi kwana biyu yana zuwa shi kaɗai, daga nan ban ƙara ganinsa ba. Ina 'yar shekara tara a lokacin, ga shi har yau abin bai bar ni ba.

Na san Malam zai ce tsuntsu ma ɓarawo ne. Gaskiyarsa, jan baki in ya sauka a gero sai addu'a. Amma kyanwa ba ta iya komai da wannan runduna. Na gida take kamawa, masu tsince tsutsa da fara su kai wa 'ya'yansu, da ƙadangaren da ke rage mana gara. A Amurka masana sun ƙiyasta a 2013 cewa kyanwoyi na kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 duk shekara, kuma mafi yawan ɓarnar marasa uban gida ne ke yin ta, wato irin abin da taki za ta zama in aka sa ta a buhu.

Ba kuma za ki iya rabuwa da ita ba. Ran da ta bar gidan, ɓera zai dawo rumbu, ya bi kan kwanon tuwo, ga zazzaɓin Lassa da ake ɗauka ta fitsarinsa da kashinsa. Sai a koma shinkafar ɓera a gida mai kaji da yaro mai rarrafe. Allah ya kiyaye.

Ki fara da cikinta. Kyanwa maciyiyar nama ce, ragowar tuwo ba ya riƙe ta. Kan busasshen kifi, ƙafar kaza, ɗan abin da mahauci ke yanke wa ya zubar, ko kaɗan ne, kullum, musamman da yamma. A Jami'ar Exeter ta Ingila an gwada wannan, aka fitar da sakamakon a 2021: waɗanda aka ba abinci mai yawan nama, abin da suke kamowa gida ya ragu da kashi 36 cikin 100. Waɗanda aka riƙa yi wa wasa na minti biyar zuwa goma a rana, nasu ya ragu da kashi 25. Wannan aikin yara ne. Su ɗaura gashin kaza a zare a bakin kara, su riƙa ja tana bi tana cafkewa har ta gaji.

Sai lokacin fita. Da asuba da kuma gab da magariba tsuntsu ya fi sauka ƙasa. Kafin rana ta faɗi ki kira ta da abinci ki rufe ta a ɗakin da kike ajiye hatsi, da ruwanta da kaskon yashi, kada a buɗe sai hantsi. Can ɗin ne ma aikinta yake. In wani ya kawo miki hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ki tuna masa ita tsare ta ta yi, ba ci ba sha har ta mutu. Annabi (SAW) ɗin nan kuma shi ne ya ga tsuntsuwa tana shawagi cikin firgici don an ɗauke mata 'ya'ya, ya sa aka mayar mata da su. Dukansu biyu suna da hakki a kanmu.

Ƙararrawa ba na son ta, don yadda take faɗakar da tsuntsu haka za ta faɗakar da ɓera. Abin da ya fi mini shi ne ƙyalle mai faɗi, mai launi tar, a wuyanta. Tsuntsu na ganin launi sosai, tun daga nesa zai hange ta. A gwajin nan na Ingila irin wannan abin wuya ya rage kama tsuntsaye da kashi 42, bai kuma hana su kama ɓera ba. Sai dai ki sa maɗauri mai saurin ɓallewa, wanda zai saki in ya maƙale a ƙaya ko danga, kada ta shaƙe.

Tantabarun Malam kuwa, gidansu ya yi kusa da katanga, tsalle ɗaya ne. Ya ɗaga shi kan dirka a fili, ya naɗe dirkar da langa-langa yadda farce ba zai kama ba. Kaskon ruwansu ma a janye shi daga gindin lalle zuwa sarari, inda ba wurin laɓewa.

Na ɗinka miki abin wuyan guda biyu da ragowar atamfata ta salla, ja da ruwan ɗorawa. Suna cikin ledar da zan ba direba ranar kasuwa, tare da kifin da kuɗin 'yan shilar Malam. Ki roƙar mini shi ya ba ta wata ɗaya. In ta ƙara taɓa masa tantabara bayan an yi duk wannan, kada a yar da ita, ki aiko mini da ita Kano.

Ki gaida Inna da kyau, ki tambaye ta ko ciwon gwiwar ya yi sauƙi.

Taki,
Yaya