Kogin Challawa da Muka Tashi Muka Tarar

Duk yaron da ya tashi a Kumbotso a shekarun 1980 makarantu uku ya yi: ta allo, ta boko, da ta bakin kogin Challawa. A ta ukun na koyi iyo da jefa fatsa, na kuma san Panshekara da Tamburawa da tafin ƙafa tun kafin in gan su a taswira. Da rani mukan tona yashi da hannu, ruwa garai-garai ya tsatso, mu sha babu fargaba.

Ruwan nan ba na Kumbotso kaɗai ba ne. Shi matatar Challawa ke tacewa ta tura wa birnin Kano, shi ne kuma ke haɗuwa da kogin Kano ya ratsa Wudil ya nufi Haɗeja. Amma yau dagwalon jima daga Sharaɗa da Challawa, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, yana kwarara cikinsa, kamar yadda na Bompai ke bin rafin Getsi zuwa Jakara. Da irin wannan ruwa wasu ’yan lambu ke shayar da latas da kabejin da ke zuwa kwanonmu.

Ba na fatan a rufe masana’antun, domin albashinsu ya ciyar da gidaje da yawa a unguwarmu. Roƙona shi ne a tace dagwalo kafin a sake shi, hukumomin kula da muhalli su riƙa auna ruwan suna sanar da jama’a sakamakon. Mai shan ruwan da mai noma da shi suna da haƙƙin sanin abin da ke cikinsa.