Gara da Asu a Ɗakin Marigayi

Shekara uku bayan rasuwar wani malamin zaure, sai babban ɗansa ya yi ƙarfin hali ya buɗe ɗakin da aka kulle tun ranar sadakar arba'in. Abu biyu ya shiga nema: littattafan ajami da mahaifinsa ya kwafa da hannunsa, da alkyabbar ulu da yake sawa ranar idi. Ya tarar gara ta hau bango da hanyarta ta laka, ta shiga akwatin littattafai ta mai da rabinsu ƙasa. Alkyabbar kuwa, da ya ɗaga ta, sai ya hangi hasken taga ta cikinta, asu ya gama da ita.

Ko da yake ɓarnarsu ta zo ɗaya, halittarsu ta sha bamban. Ita gara dangin kyankyaso ce, kuma zaman jama'a take yi: akwai ma'aikata, da mayaƙa, da sarauniya wadda a wasu jinsunan takan saka dubban ƙwai a rana guda. Abincinta abin da ya fito daga tsiro ne, wato itace da kara da takarda. Shi kuwa asu ba shi da gari, ba shi da shugaba. Macen takan saka ƙwai kamar 40 zuwa 50 a cikin tufa, sa'an nan ta mutu. Wanda ya yi fiffike ba ya cin komai. Tsutsarsa ce ke cin ulu da gashi, musamman inda gumi ya taɓa. Shi ya sa rigunan auduga na marigayin suka tsira.

Abin da ya haɗa su shi ne son duhu da wurin da ba a motsawa. Muddin malamin na raye, yana buɗe littafi kullum, yana shanya alkyabba a rana, ba wanda ya sami kafa a cikinsu. Kullewar da magada suka yi da sunan girmamawa ita ce ta ba su dama.

Washegari ɗan ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya jera takardun da suka rage, ya kira ƙannensa suka fara kwafa.